'Ya'yan Tsamiya a Hular Kawu Sule

Duk wanda ya san Kawu Sule a Rano ya san ba a taɓa masa hula. Ba wani laya ba ne a ciki, 'ya'yan dararsa ne, ƙwayar tsamiya da suka sha hannu har suna ƙyalli. A ka yake yawo da su, ko gona, ko kasuwa, ko gidan makoki. Ku da kuke salla a masallacin layinmu ai ba ku manta ranar da ya fizge hular zai yi shafar kai ba, suka watse a wurin alwala. Ladan na shirin tayar da iƙama sai ga muryar Kawu daga waje:

"Malam Ladan, don Allah ja numfashi! Saura ɗaya!"

Ba a jira shi ba. Ya shigo a makare, gwiwar wandonsa sharkaf, amma fuskarsa fes, don ya samo ta. Liman ya yi masa nasiha mai tsawo, ya saurara, ya ce wallahi gaskiya ne. Gyaran da ya yi kawai shi ne ya koma cire hular a hankali kamar mai sauke ƙwai.

Tun da muka kai shi makwancinsa nake so in rubuta wani abu a kansa, sai in fara in kasa. Dariya ce ke fara zuwa, hawaye na biye da ita.

Taurin kai kuwa, a bar wa Kawu. Babban ɗansa, Yaya Nasiru, ya sa kafinta a Kano ya yi masa allon dara na katako, ramuka a fafe, an sha fenti. Kawu ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya sa albarka. Washegari muka tarar da allon a bakin randa.

"Baba, allon dara ne fa!"

"Na sani. Amma dara a ƙasa ake yin ta. Wannan kuwa, tun da na rufa ko ƙuda bai faɗa ruwan ba."

Ni Habu, ɗan ƙanwarsa ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, a hannun Kawu na tashi. Kuma na tashi da muguwar kunya. In babba yana min magana ƙasa nake kallo, wani lokacin har ya gama ya tafi ban sani ba. A bayan gida ne kawai nake da baki, inda nake cinye sa'o'ina a dara. Ashe Kawu na leƙe ta katanga.

Wata rana bayan la'asar ya ja ni gindin dalbejiyar nan ta kusa da tasha, inda manya ke bugawa, ya zaunar da ni gaban Malam Garba tela. Ga wanda bai san wasan ba, in ka jera 'ya'yanka uku a layi, sai ka miƙa hannu ka ɗauke ɗa guda na abokin karawarka. Shi ne ci. Na hango hanyar jera ukun sarai. Amma in miƙa hannu gaban mai furfura in ɗauke masa abu? Sai na ture ɗana wani ramin. Dama ta sake zuwa, na sake kaucewa. Malam Garba ya cinye ni tas, har da shafa min kai.

Sai a hanyar gida Kawu ya yi magana.

"Ba ka gani ba ne?"

"Na gani, Kawu."

"To?"

"Sa'an babana ne."

Ya tsaya cak a tsakiyar titi har mai adaidaita ya danna masa hon. Ko gezau.

"Habu, abin da ka yi ba ladabi ba ne, raini ne. Ka mai da dattijo jariri, ka tauna ka ba shi. In kana ganin girman mutum, buga da shi da gaske. Gaishe shi, sannan ka ci!"

Duk da haka na ƙi komawa. La'asar na yi sai in ɓace. Na ji shi yana ce wa mahaifiyata, "Ba darar ce ta dame ni ba. Yaron nan maraya ne. In bai koyi miƙa hannu a gaban manya ba, ran da aka zo karɓe gonar ubansa durƙusawa zai yi ya ce an gode." Maganar ta soke ni, amma ba ta fitar da ni daga ɗaki ba.

Kun san bayan girbi 'yan darar Rano da na Kibiya sukan kara, bana nan baɗi can. Shekarar a Kibiya aka yi. Kawu ya ce in raka shi in riƙe masa buta, ya goya ni a babur. Da layi ya zo kansa, sai aka haɗa shi da Alhaji Mamman, tsohon direban nan da suke ta fafatawa tun kafin a haife ni. Kawai sai na ga Kawu ya cusa hannun dama cikin riga yana yamutsa fuska.

"Kunama ta harbe ni."

Alhaji ya ce, "To buga da hagu mana."

"Da hagu zan ci ka, Alhaji? Haba, ina da tarbiyya. Ga ɗana."

Ya cire hula, ya juye min 'ya'yan tsamiyar a tafin hannu. Ban taɓa ganin ya bar wani ya taɓa su ba.

Alhaji ya dube ni sama da ƙasa. "Sule, ka rasa wanda za ka turo min sai wanda ko gashin baki bai fara ba?"

Na zauna gaban Alhaji. Kawu ya tsuguna a bayana ya tokare min gadon baya da gwiwa, don kada in tashi. 'Yan kallo ba sa sa baki a wasa, wannan doka ce. Da na jera uku sai na daskare, ina kallon tsinkayen da Alhaji ke wasa da su. Kawu ya yi wani tari da ya ta da kajin maƙwabta. Na rufe ido na ce, "Sannu, Baba," na ɗauke tsinke guda. Can na sake: "Sannu da haƙuri, Baba." Da na zo na gaba Alhaji ya buga cinya.

"Kai yaro, ci abinka ka bar gaishe ni! Gaisuwar ta fi cin ciwo!"

Wuri ya kaure da dariya, ni ma na ji ina yi, ido cikin ido da dattijo. A ƙarshe Alhaji ne ya ci wasan, da ƙyar, ya share gumi ya ce baɗi a dawo masa da ni. Rano ta sha kashi shekarar, kuma kowa ya ɗora wa Kawu laifi. Ko a jikinsa. Hannun ma kafin mu kai bakin babur ya warke.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ido ya tafi, ƙafa ba ta kai shi gindin dalbejiya. Na je duba shi wata safiya, ya ce mu buga. Na ce ɗakin siminti ne, ina za a haƙa rami? Sai ya ce, "Ɗauko murfin randar nan. Kada ka gaya wa Nasiru."

Da laluben yatsa yake wasan. Hanyar ci ta buɗe min, na dubi hannunsa da ya bushe kamar kara, zuciyata ta ƙi. Na ture ɗana wani ramin. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, sai ya janye hannu.

"Habu, har na zama jariri?"

Na mai da ɗan inda yake. Na jera uku. Na ce, "Sannu, Kawu," na ɗauke masa ƙwayar tsamiya guda. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Haka na yi ta gaishe shi ina kuka har 'ya'yansa suka ƙare. Sai ya tattara su cikin hular ya ɗora min a cinya, ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta.

Ya Allah, bawanka Sule ya riƙe maraya, bai bar shi da kai a sunkuye ba. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ya ɗaga kai a gabanka ba tare da tsoro ba. Amin.