Mai Suna da Kalmomin Surukai

Sunansa na yanka Ja'afaru, amma in ka shiga Saulawa kana cigiyar Ja'afaru, ba wanda zai nuna maka ƙofar gidanmu. Mai Suna kowa ya sani. Sunan kakansa na wajen uba aka mayar masa, Malam Ja'afaru mai karantar da littattafai a zaure. Mahaifiyarsa Inna Azumi ba ta faɗin sunan surukinta, ga shi kuma ɗan fari ne, sai kunyar ta zama biyu. Ita ta laƙaba masa Mai Suna tun yana goye, har ga shi furfura ta cinye masa gemu. Mu 'ya'yan ƙannensa mata Kawu muke cewa.

Mutum ne gajere, mai sanyin magana, mai yawan dariya shi kaɗai. Da safe yana koyar da lissafi a firamaren garin, da yamma yana gonar masara da barkono. Babur ɗinsa sai an tura yake tashi, amma bai taɓa yarda cewa babur ɗin ya tsufa ba. Wai hutawa yake so.

Wata shekara wata ƙungiya ta kawo wa makarantarsu kwamfutoci da hasken sola, bisa sharaɗi guda: sai malami ɗaya ya je Ikara ya koyi harshen da ake ba kwamfuta umarni da shi, Python, ya kuma ci jarrabawa. In ba haka ba, a kwashe kayan a kai wata makaranta. Matasan malamai suka yi ta kawo uzuri. Kawu ya dubi yaran da suka yi cincirindo a taga suna leƙen akwatunan, ya ce shi zai je.

Mai koyar da su wata budurwa ce, Malama Jamila, sa'ar 'yarsa. Komai ya tafi daidai har aka zo darasin sharaɗi. Aikin mai sauƙi ne: in makin yaro ya kai hamsin, kwamfuta ta rubuta "ya ci". Kawu ya rubuta, ya danna, sai jan rubutu ya fito, alamar kuskure. Ya goge ya sake, jan rubutu. Ya share tabarau ya duba, bai ga aibu ba.

Malama Jamila ta leƙo ta kafaɗarsa, ta danne dariya.

"Baba, ai Hausa ka yi mata. If ta Turanci za ka sa, sai ka sa in ta Hausa."

"To 'yata, in ba ita ce if ɗin ba? Harafi ɗaya ne fa tsakaninsu."

"A bakinmu dai. A nan in ma kalma ce da aka keɓe, aikinta daban, duba ko abu na cikin jeri. Irin waɗannan kalmomi ba a aron su, ba a sauya musu aiki, ba a raɗa wa wani abu sunansu."

"Ikon Allah! Kalmar da na gada a bakin uwata, yau inji ke hana ni?"

Ajin ya fashe da dariya, har da shi. Amma abin ya dame shi, don kansa ya gane, yatsu ne suka ƙi. Da zarar ya yi tunanin sharaɗi, in ce ke fitowa. Ga jarrabawa ta matso.

Rannan ya dawo bayan la'asar, ya zauna yana gaishe da Inna Azumi tana tsince wake. Sai ga wani maƙwabci ya yi sallama, shi ma Ja'afaru ne sunansa. Inna ta ɗaga murya ta ce, "Mai sunan Malam, shigo mana." Malam ya daɗe da rasuwa, amma ko kuskure harshenta bai taɓa yi ba.

Kawu ya kafa mata ido.

"Inna, ba ki taɓa suɓutar baki ba?"

"A kan me? Suna ne mai mai shi. In na hango shi tafe a bakina, sai in ba shi hanya."

Ranar jarrabawa, da ya zo kan sharaɗi, yatsun suka yi halinsu. Ya ga in zaune a farkon layi. Sai ya janye hannu, ya ɗan rusuna wa allon, ya ce a hankali, "Gafarta Malam." Ya goge, ya sa if. Da ya danna, ba ja ko ɗigo. Kwamfuta ta rubuta "ya ci". Malama Jamila ta ce, "Baba, da kai take."

Kwamfutocin na nan a Saulawa. A bangon ajinsa ya jera if, in, for, while da 'yan'uwansu da alli, yana ce wa yara waɗannan kalmomin surukai ne, a gaishe su, a bar su a mazauninsu. Da ya ba Inna labari, ta ci gaba da tsintar wakenta ta ce, "Ashe injin ma ɗan gidan mutunci ne. Mai Suna, miƙo min faifan can."