Ranar da Na Sauka Rijiyar Orvieto

Kalanda ce ta fara jawo abin. A ƙarshen shekarar 2016 wani kamfanin Italiya da muke yi wa jigilar tayil da marmara ya aiko da ita ofishinmu na Jebel Ali a Dubai, manajanmu ya rataye ta a bangon da ke fuskantar teburina. Kowane wata da hoton wani tsohon gari a kan tsauni, ganuwa ta zagaye shi, gidajen dutse sun hau kan juna. Aikina rubuta takardun kwantena ne, lambobi daga safe har yamma, idan idona ya gaji sai in ɗaga kai in kalli garin wannan watan.

Ni a gindin ganuwar Kano na girma. Muna yara muna hawa kanta mu zauna mu ci gyaɗa. A idona aka riƙa saranta da diga ana ɗibar ƙasa ana buga bulo, har wurin zamanmu ya koma filin gyaran babura. Shi ya sa da na ga gari mai shekaru ɗaruruwa, ganuwarsa a tsaye, mata na shanya a tagogi, abin ya tsaya min a rai. Na sayi littafin jagora mai taswira, na fara karatu kamar mai shirin jarrabawa.

A lokacin ina zaune a International City, a rukunin benayen da ake kira Italiya, abin da mutane suka mayar abin tsokanata. Gidan ɗaki ɗaya ne da falo, mu biyu ne a ciki, ni da wani ɗan Damagaram da ke aikin duba kaya a sito na kamfaninmu. Na girme shi da shekara biyar, Yaya yake ce min. Bas ɗaya muke shiga, tukunya ɗaya muke ci. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara, shi ya ɗauki hutu ya yi jinyata, shi ya riƙa amsa wayar mahaifiyata yana kwantar mata da hankali. Matarsa da 'yarsa ɗaya suna gida, hotonsu na manne a jikin firij.

Wata Juma'a bayan mun dawo masallaci ya ɗauki littafin yana juyawa, ya ce wannan garin ya yi kama da unguwar Birni ta garinsu, inda gidaje ke maƙale tsakanin manyan duwatsu. Daga ranar ya shiga karatun tare da ni. Da yake ya yi makaranta da Faransanci, yana iya gane rubutun Italiyanci fiye da ni, shi ke fassara min sunayen ƙofofi da hasumiyoyi. Sama da shekara guda muna haka. Ya haddace wane gari ne ke da wace ganuwa, muna musu a bas kan inda za mu fara. Duk Hausawan da na sani a Dubai, zancensu kaya ne da biza da farashin gwal. Ban taɓa samun wanda zan yi wannan hirar da shi ba sai shi, kuma na ji daɗin hakan har cikin raina.

Da muka zo neman biza, nawa ba matsala, ma'aikacin ofis ne ni mai shekara shida a kamfani. Nasa ne ke da wuya. Ana buƙatar takarda daga kamfani mai shaidar cewa ma'aikaci ne kuma zai dawo bakin aikinsa, manajanmu kuwa, wani dattijo ɗan Indiya mai tsantseni, bai saba ba 'yan sito irin wannan takardar ba. Sau uku ina shiga ofishinsa. A na ukun na ce masa wannan ƙanena ne, a ɗaki ɗaya muke kwana, ni na tsaya masa. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau, sannan ya sa hannu. A takardun neman bizar ma na rubuta cewa tare za mu tafi, tare za mu dawo.

Mun tashi a watan Afrilun 2018, hutun kwana takwas. Garin farko San Gimignano, mai hasumiyoyin nan da manyan gidajen garin suka yi ta gina wa a zamanin da, kowa na son tasa ta fi ta maƙwabcinsa tsawo. Muka hau mafi tsayinsu, muna haki. Daga sama gonakin inabi da zaitun har iyakar gani. Abokina ya yi dariya ya ce ashe mutanen Dubai gadon abin suka yi. Na sa tafin hannuna a jikin dutsen ganuwa, sanyi ƙalau, na tsaya haka har ya fara tsokanata. Muka yi sallar azahar a ƙarƙashin wata bishiyar zaitun a bayan gari, muka ci burodi da cuku da kifin gwangwani saboda gudun naman alade. A Siena muka kwana biyu, muna yawo a lungunan da ba su fi na cikin birnin Kano faɗi ba. Ban taɓa ganinsa cikin walwala kamar kwanakin nan ba.

Ranar ta huɗu muka isa Orvieto, garin da ke zaune a kan wani faffaɗan dutse mai gefe kamar an yanka da wuƙa. Muka sauka a gidan wata tsohuwa mai ba da hayar ɗakuna. Washegari da safe muka nufi rijiyar da na fi ɗokin gani a duk tafiyar. An haƙa ta ne don kada ruwa ya yanke wa gari idan abokan gaba suka kewaye shi, matakala biyu ne ke naɗe da ita, ɗaya ta sauka ɗaya ta hawa, yadda jakunan ɗibar ruwa ba za su yi karo ba. Na lura ya ɗauko jakarsa ta goyo, na tambaye shi, ya ce bai saki jiki da makullin ɗakin ba.

A bakin rijiyar ya dafa gwiwa ya ce hawan hasumiyar San Gimignano ya taso masa da tsohon ciwon da ya ji a wasan ƙwallo.

“Yaya, ka sauka kai kaɗai, ina nan a kan bencin nan. Ka ɗauko min hoto daga ƙasa.”

Na ce to. Matakala sama da ɗari biyu na sauka, ina tsayawa a tagogin da ke buɗe cikin rijiyar, haske na raguwa, sanyi na ƙaruwa. A ƙasa na tsaya kan 'yar gadar da ke saman ruwan na ɗaga kai, bakin rijiyar ya koma kamar faifai. Na ɗauki hotuna da yawa saboda shi, har da bidiyo ina yi masa bayani da Hausa.

Da na fito, ba kowa a kan bencin.

Na zauna na jira, ina tunanin ya je neman bayi ko shayi. Na kira wayarsa, a kashe. Bayan awa guda na tambayi matar da ke sayar da tikiti, da Turancinta kaɗan da nuni da hannu ta fahimtar da ni cewa ina shiga ya miƙe, ya nufi ƙaramin jirgin nan da ake ja da igiya zuwa tashar jirgin ƙasa a gindin dutse. Ta ce da sauri yake tafiya. Duk da haka ban yarda ba. Na zagaye garin kaf, na leƙa dandalin babban cocin, na bi gefen ganuwa ina leƙa ƙasa, ina tsoron ko jiri ya ɗebe shi. Na yi masa addu'a a ranar fiye da yadda na yi wa kaina a shekarar.

Dab da magariba saƙo ya shigo daga wata lambar da ban sani ba: “Yaya ka yafe ni. Ina lafiya. Kada ka neme ni.”

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. Tsohuwar ta kawo karin kumallon mutum biyu, na ce mata ya riga ni tafiya. Na je sauran garuruwan biyu da muka tsara saboda na riga na kama masauki, amma ganuwa ta zama bango kawai, ina tafiya ina lissafa maganganunmu ɗaya bayan ɗaya ina neman inda ƙaryar ta fara. A jirgin dawowa kujerarsa na gefena, na ɗora jakata a kai.

Ranar Lahadi, ranar fara aikin mako a Dubai a lokacin, na shiga ofishin manaja kafin in zauna a teburina. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya nuna kujerar da ke gabansa ya ce a nan na zauna na ce masa ƙanena ne. Daga ranar ya rufe ba 'yan sito takarda gaba ɗaya. Akwai wani direban injin ɗaga kaya da ke son zuwa ganin 'yar'uwarsa da ba ta da lafiya a Turai, aka hana shi, ya daina amsa gaisuwata. A bas idan na shigo sai hira ta mutu. Da yawansu sun ɗauka da ni aka ƙulla, na raka shi ne na dawo ina wasan kwaikwayo.

Na daɗe ina jinkirin kiran matarsa, ina tsara yadda zan faɗa mata ba tare da na tayar mata da hankali ba. Da na kira, ta gaishe ni cikin natsuwa, ta ce ai ya isa lafiya, yana wurin yayanta a Faransa, ta yi min godiya da ɗawainiya.

Abin da ya fi ci min rai a unguwar Bur Dubai na ji shi. Wata Juma'a na tsallaka da kwalekwale zuwa shagon yadi inda mutanen Nijar ke taruwa shan shayi, wurin da abokina ne ya fara kai ni. Mai shagon, wani Alhaji mai yawan fara'a, ya ga fuskata ya ja ni gefe. Ya ce wata guda kafin tafiyarmu abokina ya kawo kwali biyu na kayansa aka tura gida ta kago, kuma ya bi mutanen shagon ɗaya bayan ɗaya ya yi sallama. Ya ce wallahi sun ɗauka na sani. Sai ya ƙara da abin da da ya bari a cikinsa. Wai wani ya tambayi abokina yadda zai yi da ni, ya amsa cewa Yaya mutumin littafi ne, idan ya ga tsohon bango ba ya ganin komai.

Na sha shayin da aka miƙo min saboda kunya, na fito. A kwalekwalen dawowa na tuna lallai na ga akwatinsa ya yi sauƙi, na ga takalmansa sun ragu a bakin ƙofa, kuma ban tambaya ba.

A 2019 na sake neman biza ni kaɗai, ina son in koma in ga garuruwan da ido mai kyau. Aka hana ni. Takardar ta ce ba a gamsu zan dawo ba. Ban sani ba ko sunansa da ke cikin tsohon fayil ɗina ne ya jawo, ba wanda zai faɗa maka.

Ya kira ni sau ɗaya, cikin azumin 2020, lokacin da annoba ta kulle kowa a gida. Muryarsa ta yi laushi. Ya ce yana aiki a wani gidan burodi, takardunsa ba su fito ba, bai ga 'yarsa ba tun da ya bar ta. Ya rantse cewa garuruwan sun burge shi da gaske, ba duka ne ƙarya ba. Na ce ba wannan nake son ji ba.

“Me ya sa ba ka faɗa min ba?”

“Da na faɗa maka, Yaya, da ba ka tsaya min ba.”

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta fi zafi. Ya roƙe ni gafara don darajar watan. Na ce na yafe, domin ba na son in buɗe baki da ruwa alhali na hana Musulmi yafiya. Da ya kashe ban adana lambar ba.

A farkon 2021 wani abokin aikina ɗan Gombe, magidanci mai furfura wanda ban taɓa jin an kama shi da ƙarya ba, ya zo teburina. Yana son ya kawo matarsa ziyara ta wata guda, mai gidan da yake haya ya ce sai wani ma'aikaci ya sa hannu a matsayin shaida. Layi ɗaya ne kawai. Na ji bakina ya ce masa ya yi haƙuri, na daina sa hannu a takardar kowa. Ya ce ba komai, ya gane. Cikin kwana biyu ya samu wani. Matar ta zo, ta yi watanta, ta koma a ranar da aka rubuta. Kafin ta tafi ta aiko min da tuwon shinkafa da miyar taushe a kula, ta ce a kai wa mutumin Kano da mijinta ke yawan yabo. Na ci a ɗakin cin abincin ofis, na juya wa ƙofa baya don kada ya shigo mu haɗa ido.