Ɗigon Aidin a Garin Waken Inna

Abin da na fara gani da na shiga kantin shi ne ma'auni. Ƙarami ne, na tagulla, mai faranti biyu, ga duwatsun awonsa a jere cikin akwatin katako, ƙaraminsu bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na tsaya ina kallonsa saboda ya fi mini sauƙi a kan kallon mai kantin. Ina aji biyu na sakandare a lokacin, kuma ko a aji malami sai ya ce in maimaita kafin ya ji abin da na faɗa. A jakata akwai gwangwanin maganin Inna da wasiƙar Baba.

Shekarun da kuɗi suka shigo gari ne. Daga Rijiyar Lemo zuwa Sabon Gari sai ka yi ta kauce wa sababbin babura, kantuna sun cika da kayan gwangwani na ƙasar waje. Baba yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, ciniki ya buɗe, har ya sa mana fanka a ɗaki. Amma fanka ba ta yi wa Inna komai ba. Tana zaune lafiya sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa ɗankwalinta, ta miƙe ta tsaya bakin randa tana shafa ruwa a wuya. Wani lokaci ta yi faɗa a kan abin da bai kai ba, can kuma ta yi kuka. Ba wanda ya taɓa kiran sunan abin a gidanmu. Sai da na girma na san shekarun ɗaukewar al'ada ne suka zo mata.

Mai kantin, wadda kowa ke kira Madam, Inyamura ce haifaffiyar Kano, ta yi aikin jinya a ƙasar Tibi inda ake noman waken suya. Ita take soya waken, ta niƙa, ta zuba a gwangwani ta sayar wa mata masu irin wannan zafi, cokali biyu a koko kullum da safe. Gwangwanin farko Inna ta ce ta ji sauƙi. A na biyu zafin ya dawo.

Sai Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga ƙauye, ta ga Inna tsaye a bakin randa, ta ce wannan ba ciwon kemis ba ne, iska ce, a ba ta ita ta kai ta wajen mai maganinsu ta yi wata uku. Inna ta sunkuyar da kai, don ba a musu da yayar miji. Baba ya raba gardamar da cewa a kai garin wajen mai kantin a gwada. In jabu aka sayar mana, zai san abin da zai yi da mai kantin, a sayo mai kyau a wani wurin, Inna ta zauna. In kuwa garin mai kyau ne amma bai yi aiki ba, to Gwaggo ta yi gaskiya, su bi motar Juma'a. Ranar Laraba ce. Namiji ba ya zuwa yin irin wannan magana da mace, ni kuma kantin yana kan hanyar makarantata, sai aka aike ni.

Madam ta sallami wani mai sayen maganin tari, ta juyo ta ce 'yar makaranta, ko ma'aunin na zo saya? Na miƙa mata wasiƙar da hannu biyu. Ta karanta, fuskarta ta canja. Ta ce shekara da shekaru tana unguwar nan, ta tafi lokacin yaƙin basasa ta dawo ta tarar da kantinta, ba wanda ya taɓa cewa ta sayar masa da jabu. Ta ce in ajiye gwangwanin a kan teburin kantin.

Ta buɗe, ta sunsuna. Ta juye garin a takarda, ta ɗora a faranti, tana ƙara dutse tana ragewa har allurar ta tsaya. Ta tambaye ni yaushe aka saya. Na ce sati biyar. Ta ce kullum Inna tana sha? Na ce kullum, ni nake dama mata kokon. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce a cokali biyu kullum, gwangwanin nan ya kamata a ce ya kusa ƙarewa, amma ga shi ya fi rabi. Ta ce ko dai garinta yana haihuwa ne a unguwarmu ta Fagge.

Ban yi dariya ba.

Ta ɗauko sosa biyu farare, irin waɗanda ake ɗora kofin shayi a kai. A ɗaya ta zuba garinmu, a ɗaya ta fasa sabon gwangwani a gabana ta zuba, ta dama kowanne da ɗan ruwa. Ta sauko da kwalbar aidin, irin wanda ake sa wa a ciwo. Ta ce in matso in gani da idona, kada a ce ta yi wani siddabaru. Ta ce abin da ke cikin waken mai kwantar da zafin nan ba ta san sunansa ba, ba ta da na'urar auna shi, ba ta ma rantse cewa kowace mace yake yi wa aiki ba. Abin da za ta iya nunawa kawai shi ne ko an cusa wani gari a ciki.

Ta ɗiga a nata. Ɗigon ya bazu, ya tsaya ruwan ƙasa. Ta ɗiga a namu. Kafin ta mayar da murfin kwalbar ya koma baƙi, baƙi mai shuɗi kamar an zuba baba na rini. Ta ƙara ɗigo a gefe, shi ma haka.

"Masara ce," in ji ta. "An soya ta don ta yi kala. Wanda ya yi ya iya suya."

Na riga na sani kafin ta faɗa. Na tuna wata safiya da na ji ƙamshin soyayyar masara daga madafi, alhali ba mai cin guguru a gidanmu, kuma Inna ta ce in wuce kada in makara. Na tuna matar mai ɗinki ta maƙwabta, da Hajiyar gidan da ke kan kwana, da wata Bayarabiya mai sayar da kwanuka, duk sa'o'in Inna, yadda suke shigowa da hantsi ranar da ba makaranta, su shige ɗaki su rage murya, su fito da ɗan ƙulli a bakin zane. Ɗayarsu ba ta rabuwa da mafici ko da sanyin safiya. A unguwarmu ba a hana maƙwabciya magani, ko wane iri ne, balle wanda ita ba za ta iya buɗe baki ta roƙi mijinta ya saya mata ba. Inna ta yi ta ba su. Baba kuma yakan ɗaga gwangwanin ya jijjiga ya ji ko ana sha yadda aka ce, don haka sai ta riƙa cikawa, har ta cika ya wuce. Abin da nake dama mata duk makonnin nan yawancinsa masara ce.

Madam ta juya wasiƙar Baba, ta ɗauki biro. Ta ce za ta rubuta masa abin da ta gani: nata garin ba shi da laifi, na gidansa an haɗa shi da masara, ya binciki gidansa. Ta tambaye ni wa yake taɓa gwangwanin ban da ni.

In ta rubuta haka, Baba zai karanta a gaban Gwaggo, a tsare Inna da tambaya. Na san ta, ba za ta ambaci ko mace ɗaya ba, za ta yi shiru ne. Gwaggo kuwa za ta ce kun gani, mai hankali ba ta cusa masara a maganin kanta, ita ce iskar da nake faɗa muku. In kuma na roƙi Madam ta ce garin lafiya lau yake, motar Juma'a na jira. Ba zan iya ce mata ta ɗauki laifin ba, na ga yadda hannunta ya riƙe wasiƙar.

Wata mata ta shigo da jariri, Madam ta ce ta ɗan jira. Biron ya riga ya taɓa takarda. Na ɗora hannuna a kan teburin.

Na ce Inna ce, amma ba don mugunta ba. Ta ce ba ta ji ba, in ɗaga murya. Na sake faɗa, na gaya mata maganar matan uku, da jijjigar gwangwani, da motar Juma'a. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka da babba ba. Ta ajiye biron, amma ba ta rufe shi ba. Ta ce to me nake so ta yi, ita ba ta rubuta ƙarya.

"Madam, don Allah kada ki rubuta komai yau," na ce. "Gobe da hantsi Baba yana kasuwa. Ki zo gidanmu da kwalbar nan, ki fara ganin Inna ita kaɗai, sannan ki yi wa Gwaggo bayanin ciwon da bakinki. Ba zan je makaranta ba, zan tsaya a bakin titi in nuna miki gidan."