Neman Soso da Waya Don Kunnen Inna

Gusau

Ana sallame sallar asuba na rataya jaka na nufi tashar Tsafe, shekara biyu ke nan da ba mu jiha. Babu komai a jakar sai ƙaramar rikoda ta aljihu, kaset ɗaya, da wani tsohon hedifon, wato abin nan da ake ɗorawa a ka ya rufe kunnuwa biyu. Matata ta ce tun da take ba ta taɓa ganin magidanci ya ɗauki hutun aiki don ya kai abin kunne asibiti ba. Gaskiyarta ce kuwa.

Ga mafarin abin. Yayana Lawali, ɗan farin Inna, ya daɗe a Jidda yana ɗinki. Kamar sauran mutanenmu na can, ba ya rubuto wasiƙa, kaset yake cikawa da magana ya ba mai tahowa, mu ma mu cika wani mu mayar. Kowa a gidanmu na Furfuri ya taɓa magana a kaset ɗin amsa, har akuya ta taɓa sa baki, ban da Inna. Kun dai san kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa, kuma da an kunna muryarsa a tsakar gida sai ta tuna tana da wanke-wanke. In aka matsa mata ta ce kunnuwanta sun mutu. Wannan fa matar da tana gidan maƙwabta take jin an buɗe mata tukunyar miya.

To a kaset na ƙarshe Lawali ya ce, "In Inna hushi take da ni a gaya mani. In kuwa ta rasu ne kuke ɓoye mani, ku ji tsoron Allah." Alhajin da ya kawo saƙon kuma ranar Asabar zai koma.

Ƙanwarmu Balki ce ta ce a samo wa Inna abin da za ta saurara ita kaɗai. Na sayo hedifon a gwanjo. Sosonsa ya marmashe kamar tsohon burodi, wayarsa kuma ta karye daga ciki, kunnen hagu ba ya magana sai ka karya wuya gefe. Inna ta ɗora, ƙarfen ya cije ta, ta cire ta ce, "Wanga ai tarkon kusu ne." Mai gyaran rediyo na kasuwar Gusau ya juya shi ya ce tun da aka ba mu jiha manya suka saye duk wayar kirki, sai dai in tafi Tsafe wurin wani Ɗanjuma Japan.

Hanyar Tsafe

Lokacin wahalar mai ne. Mu tara aka cusa a fijo, direba da wani fasinja suna raba kujera ɗaya, kuma duk gangara sai ya kashe injin. "Mota ma tana son hutu," in ji shi.

Mun wuce dutsen Kwatarkwashi kaɗan muka tarar da shinge. Mai kaki ya zazzage jakata ya ɗaga hedifon da yatsa biyu.

"Wannan na'urar fa? Da wa kake magana a waje?"

Na ce da yayana nake magana. Fasinjoji suka yi salati, direba ya dafe kai. Mutumin ya kafa abin a kan hularsa, ya karya wuya yadda na nuna masa, ya danna rikodar. Lawali ya fara jero gaisuwa, sai muka ji mai kaki ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren rafi: "Lafiya lau! Aiki da godiya! Iyali suna lafiya!" Da ya lura mota duk ta zuba masa ido, ya cire ya haɗe rai, ya ce na'urar ba ta da takarda amma ya yafe saboda yayana mutum ne mai ladabi. Direba dai bai samu wannan yafiyar ba.

Tsafe

Ɗanjuma Japan bai taɓa wuce Funtuwa ba. Shagonsa cike yake da gawarwakin rediyo, shi kuma yana zaune a tsakiya kamar mai karɓar gaisuwa. Ya duba hedifon ya ce, "Ɗan Gusau ya taɓa wanga abu?" Na ce juya shi kawai ya yi. Ya ce, "Shi ke nan ai, ya ɓata shi."

Ya yi mini karatu a kan waya. Siririya, in ji shi, ta waƙar Indiya ce. Ja tana kawo kauri a murya. Da ya ji maganar daga Jidda ta taso, ya ce dole a sa mai ƙarfi, don sautin ya sha hanya ya gaji. Ya liƙa ta farko da dalma, Lawali ya koma magana kamar daga cikin randa. Ya sa ta biyu, kunnen hagu ya farfaɗo, na dama ya mutu. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, ya tura ƙarfen liƙinsa cikin garwashin mai shayi. A ƙarshe ya yanko wata baƙar waya daga tsohuwar makirfon ɗin masu roƙo, tsawonta ya isa ɗaure tunkiya. Wallahi kuwa kunne biyu suka kama tar.

"Soso fa?" na tambaya.

"Ni injiniya nike, ba mai katifa ba. Tai Bunguɗu, ka nemi Baba Maisirdi."

Mota ta ƙi samuwa, mai ya ƙare a garin. Na ci hoce, wainar dawa ta can, da ƙuli-ƙuli na kora da fura, na kwana a zauren wani abokin direbanmu, inda sauron Tsafe ya nuna mini cewa kunnena dai lafiyarsa lau.

Bunguɗu

Da safe na samu a-kori-kura mai buhunan dawa ta sauke ni Gusau. Na bi ta bakin layinmu na sunkuyar da kai, don kada matata ta hango ni ta tambayi jikin mara lafiya. Daga nan bas zuwa Bunguɗu, na isa ana kiran azahar.

Baba Maisirdi baduku ne, da can sirdin doki yake yi, yanzu kujerar babur. Bai yi mamaki ba ko kaɗan.

"Kunnen wa za a yi ma? Namiji ko macce?"

"Inna ce, Baba."

"Tana sa 'yan kunne? Tana cire kallabi?"

Na ce 'yan kunne e, kallabi kuwa ko a mafarki. Ya gyaɗa kai ya yanko soson katifa ya ɗaura da zare muka gwada. Yana da laushi, amma muryar Lawali tana zuba waje har mai rake na gefe ya tambayi farashin keken ɗinki a Jidda. Na ce ai wannan ne ba a so. Baba ya ajiye shi ya ɗauko soson kujerar babur, ya fafe tsakiyarsa don 'yan kunne, ya lulluɓe da jar fatar akuya ya ɗinke. Kowane gefe ya kai girman waina. Sai da na roƙe shi da girman Allah kafin ya haƙura da sa masa tuntayen ado irin na sirdin doki.

Na ɗora. Kasuwa ta ɓace ɗif. Ina ganin bakin Baba yana motsi, ban san ko addu'a yake mini ko zagi ba. Sai Lawali kaɗai, kamar yana zaune a kafaɗata. Na ji numfashinsa, na ji yadda muryarsa ta karye wurin ambaton Inna, abin da babbar rikodar gida ba ta taɓa bari mun ji ba. Tausayin ɗan'uwana ya kama ni, na yi hawaye a gaban mai rake.

Furfuri

Na sauka gida bayan la'asar. Gida duk ya taru kallon abin. Inna ta ɗora shi bisa kallabi, na danna, ta yi zuru tana kallon katanga. Can ta cire.

"Ba ni jin komi. Kun dai ɓata fata."

Sauron Tsafe, shinge, karatun Japan, duk a banza, ga Asabar ta ƙarato. Na miƙa hannu zan tattara kayana, Balki ta taka mini ƙafa. Ta kai rikoda da hedifon ɗakin Inna ta ajiye bisa gado, wai kada yara su taɓa, sannan ta sa kowa ya kama harkar gabansa.

Muna zaune gindin ɗurumi muka ga Inna ta shiga ɗaki ta saki labule. Shiru. Sai murya ta tashi, irin ta mai kaki a shinge, har kaji suka watse:

"Lahiya lau! Lahiya lau nike! Wa ya ce maka na mutu?"

Soson Baba Maisirdi ya toshe mata kunne sosai, ba ta jin muryar kanta. A zatonta raɗa take yi.

"Hushin mi zan yi da kai? Kana cin abinci kuwa? Wanga tari da nike ji, ka sha magani? Lawali! Lawali, ɗana, Allah shi yi maka albarka, shi maido man kai in gan ka."

Shekarata arba'in ba ɗaya ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Maƙwabta sun ji, masu wucewa sun ji, amma duk wanda ka duba ya duƙufa yana tsintar wake ko gyaran takalmi. Balki kuwa tuni ta lallaɓa da babbar rikoda ta ajiye bakin labule, ta danna jan maɓallin ɗaukar magana, tana share ido da gefen zane.

Komawa

Washegari na shiga sallama. Inna ta ce, "Abin nan naka bai aiki." Na ce to bari in tafi da shi a sake dubawa. Ta ɗora hannu a kai. "Bar shi nan. Ka sayo batir."

Na isa Gusau kafin Juma'a, na damƙa wa Alhaji kaset ɗin da Balki ta ɗauka hannu da hannu. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, sannan ga Japan da Baba Maisirdi, har da mai kaki da ya fara gwada mana. Matata ta tarye ni a ƙofa ta ce ya mai jiki. Na ce ya warke, amma a Furfuri har yau ba wanda ya ji komai.