Na Saka Muryar Innata A Waƙa Ba Da Saninta Ba

A lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa. Na gama sakandare ban ci gaba ba, ina gyaran waya a wani ɗan shago a Bodinga, amma zuciyata tana wajen waƙa. Mu huɗu muka haɗa ƙungiya. Ni nake tsara baiti in rera, akwai mai piyano wanda ɗakinsa ne situdiyonmu, akwai mai jita, sai mai kalangu wanda ya girme mu duka. Ba mu da ubangida, ba mu yi wa 'yan siyasa waƙa, kuma muna taƙama da hakan. Mun sa ranar wasanmu na farko a Shagari bayan ƙaramar Sallah, har mun kama wuri, amma waƙar da za ta riƙe taro ta ƙi zuwa. Na kasa zaune na kasa tsaye. Duk baitin da na kawo sai mai jita ya ce ya riga ya ji shi a bakin mawaƙan Kano, ya tambaye ni ko kaina ma a jona shi a caji kamar wayoyin mutane.

Gidanmu yana Kajiji. Innata Bafillatana ce mai tsananin kunya, kuma yayana shi ne ɗan farinta. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana son a kira shi sai ta ce a kira wancan. Ko abinci ba ta miƙa masa da hannunta a gaban mutane. Ranar da aka kawo gawarsa, bayan ya yi hatsari da babur a hanyar Lambara yana ɗauke da buhun albasa, Inna ba ta zubar da hawaye a gaban kowa ba. Mata suka yi ta yabonta, suna cewa wannan ita ce 'yar asali.

Wata la'asar na je gida don in huta da tunanin waƙa. Sauran matan gida duk sun tafi suna a maƙwabta, na shige ɗakin marigayi na kwanta, Inna ba ta san na zo ba. Sai na ji daka, na ji muryar Inna tana bin taɓarya a hankali. Waƙa take yi masa. Tana gaya masa geron bana ya yi kyau, tunkiyarsa ta haihu, tana tambayarsa ko ya ci abinci. A ƙarshen kowane baiti, daidai saukar taɓarya, sai ta kira sunansa. Abin da ya kamace ni shi ne in toshe kunne in fice ta baya. Maimakon haka na ciro waya na ɗauki muryarta, ina jin daɗi a raina cewa na samu amshi.

Mai piyano da ya ji sai ya miƙe tsaye yana tafi. A ranar ya ɗora kiɗa a kan sautin taɓaryar, na rubuta baitoci a kewaye, muka bar muryarta ta zama amshi. Mai kalangu kaɗai bai yi murna ba. Ya tambaye ni ko mai muryar ta sani, na yi masa ƙarya na ce har albarka ta sa. Ya dube ni ya ce shi ya girma a tsakanin mata masu daka, kuma macen da ta yi waƙa haka ba kunnen mutane ta yi wa ba. Ya rataye kalangunsa ya ce a wannan dai babu hannunsa. Muka yi masa dariya, mai jita ya ce tsoho ya fara tsoron zamani.

Muka yanki guntun waƙar muka saki a waya don tallar wasan, ta bazu fiye da yadda muka zata. Ina ta karɓar yabo, ban tsaya na tuna cewa samarin Kajiji ma suna da waya ba. A wajen injin niƙa wani ya kunna ta, matan da ke jiran gari suka gane muryar, suka gane sunan. Kawuna, ƙanen Inna, ya zo shagona ya ƙi zama. Ya ce ana ta yi da 'yar'uwarsa, ana cewa ashe kunyar ta ganin ido ce, ga ta tana shelar sunan ɗan fari da kiɗan piyano. Ya ce ta daina zuwa rijiya, ta daina zuwa barka. Ya tambaye ni wane laifi ta yi mini da na tuɓe mata zane a kasuwa.

Babban abin kunyata shi ne ko a nan ban saduda ba. Wasa ya matso, mutane suna tare ni a hanya suna cewa saboda waƙar nan za su zo. Sai in hau babur da niyyar zuwa Kajiji, in kai rabin hanya in juyo. Ina gaya wa kaina cewa abin da ya fita ya riga ya fita, rera ta sau ɗaya ba zai ƙara kome ba. Har na lalata wayar wani a shago saboda hankalina ba ya kan aikin. Ana jibi wasa na daure na isa gida.

Na same ta a inuwar rumbu tana tsintar wake. Na durƙusa na faɗi duk abin da na yi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma daina tsintar ba. Ta ce ta yafe mini tun kafin in zo, domin uwa ba ta riƙe ɗa. Ta tambaye ni ko mutane da yawa sun ji, na ce e. Sai ta ce tun ranar da ta haife shi take riƙe da sunan nan a bakinta, turmi kaɗai ya san shi, to yanzu a ina za ta riƙa kiransa.

Mun yi wasan ba tare da waƙar ba. Jama'a suka yi ta ihun a saka ta, wasu suka fice, mai jita ya yi fushi ya bar mu daga ranar. Na goge ta a wayata da kwamfutar mai piyano, amma ba ni da ikon goge ta a wayoyin mutane. Kwanan baya na ji ta a wayar wani ɗan acaɓa a tashar Bodinga.

Yanzu muna shirin wani wasan bayan girbi, mai kalangu ya dawo, kuma kowane baiti daga cikina ya fito, ko da bai kai wancan daɗi ba. Ina roƙon 'yan'uwana masu waƙa da masu ɗaukar murya da hoto su ji tsoron Allah. Ba duk abin da kunne ya ji ba ne naka, kuma daɗin abu ba izini ba ne. Ku tambaya tukuna, in an ce a'a ku haƙura, musamman a kan iyayenmu da ba su san inda waya take kai magana ba. Inna tana amsa gaisuwata, tana sa mini albarka, amma hatsinta inji take aikawa yanzu. Duk zuwan da na yi gida sai na duba bayan ɗakinta, turmin yana nan a kife.