Kwalbar Waken Safiyatu Mai Ƙanƙara

A ƙauyenmu da ke bayan Gezawa babu wanda bai san Safiyatu mai ƙanƙara ba. Tun rasuwar mijinta, da firiza ɗaya take ci da 'ya'ya biyar. Mace ce da ba ta barin ta kwana.

Bara kamfanin wuta ya ninka mana kuɗi, wai layinmu yana samun wuta awa ashirin a rana. Awa ashirin! Mu da in an kawo wuta yara ke ihu kamar an ga watan sallah. Safiyatu ta ga in aka ɗore a haka, sai ta sayar da firizar.

Da ta ji a rediyo hukumar tsayar da farashi za ta saurari jama'a a Kano, ta ce da ita za a yi. Yayanta Iliyasu mai injin niƙa ya tuntsire da dariya. "Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa ba? An gama magana tuni, ku 'yan rakiya ne."

Sai ta samo kwalba. Duk sallar da ta idar sai ta ɗaga kai ta dubi ƙwan ɗakinta. In da wuta ta jefa ƙwayar wake, in babu ta jefa tsakuwa. Haka ta yi wata guda cur.

Ranar zaman, ni na raka ta Kano. Wani mai kwat daga kamfanin yana gama zuba Turanci, ta miƙe ta zazzage kwalbar a teburin shugaban zaman.

"Ranka ya daɗe, ban yi boko ba, amma sallah ba ta wuce ni. Waken nan wutarku ce, tsakuwar kuma duhunmu. A ƙirga."

Aka ƙirga: wake talatin da ɗaya, tsakuwa ɗari da sha tara.

Sai bayan wata biyar aka mai da layinmu tsohon farashi. Kafin nan firiza ta tafi, wani mai shago ya saye ta a wulaƙance. Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba. Iliyasu kuwa, da injinsa ya samu sauƙi, bai ji kunyar tsaya mata a kai ba. "To me kika samu? Kin yi wa gari aiki, kin tashi a tutar babu."

Tana tuyar awara a ƙofar gida, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Yaya, ko na yi shiru firizar tafiya za ta yi. Gara da ta tafi sun san sunana. An ce za su sake ƙari da kaka. Ka tanadi kuɗin motarka, wannan karon gabana za ka shiga."