Buraima da Kifin da Ake Ɗauka Hoto

Farkon abin da na taɓa kamawa da fatsa kunnena ne. Na wurga igiya yadda aka koya mini, ƙugiya ta zagayo ta cafke ni, na tsaya bakin ruwan Wadi Hanifa ina salati kamar an aiko da rasuwa. Wanda ya zare mini ita, ba tare da ya ce sannu ba, shi ne Buraima, direbanmu.

Basarke ne, ɗan gidan masunta, daga Yawuri. A kwalekwale ya iya tafiya. Amma iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar Larabawan nan, direba ta ce, don haka shekara goma sha ɗaya yana jan motar ma'aikata tsakanin unguwannin Shumaisi da Dira, ba ruwan da yake gani sai na gora. Da ya ji akwai ƙungiyar likitoci da injiniyoyi masu fita fatsa kowace Asabar, shi ya roƙi ya riƙa kai su kyauta, a ba shi sanda. Shugaban ƙungiyar, Dakta Sharif, ya yarda, da sharaɗi biyu: ba tana, sai ƙudan ƙarya na zare da gashin tsuntsu, kuma duk kifin da aka kama a mayar da shi ruwa. Wanda ya saɓa, ya bar ƙungiya.

Na farko bai dame shi ba, yaudarar kifi ai gadonsa ce. Na biyun ne ya tsaya masa a wuya. A wajen ubansa, ko ka ce bisimilla ka ci, ko ka bar halittar Allah ta huta. Amma ka huda mata baki, ka ɗaga ta tana haki, ka yi wa waya murmushi, ka jefar, sannan ka kira wannan tausayi? Wata takwas yana haɗiye wannan, yana hucewa a kan giyar mota, don in ya yi magana ya rasa ruwan da ya rage masa a duniya.

Sai ranar da Dakta ya kamo wata ƙatuwar karfasa. Ƙugiya ta shige can maƙoshi, jini na bin hannunsa. Buraima ya ce wannan ba za ta kai azahar ba. Dakta ya ce doka doka ce, kuma ruwan nan ma na dattin gari ne da aka tace, kifinsa ba na ci ba ne. Aka shiga layin hoto. Mutum na huɗu na gyara hula, kifi na buɗe baki.

Buraima ya fizge ta, ya ce bisimilla, ya buga kanta a dutse sau ɗaya.

"Ya sawwag, kai direba, ka san abin da ka yi?" in ji Dakta.

"Na sani, Dakta. Aikin da kuka fara na ƙarasa."

Ya miƙa sandarsa da kansa, ya kai kowa ƙofar gidansa.

Bayan mako biyu na gamu da shi a Dira. Bakina da ba ya zama, na ce, Sarkin Ruwa, ka sayar da kogi guda a kan kifi ɗaya, yanzu sai fatsa a bokiti.

Ya dubi kunnena.

"Malam, har yau shafa shi kake yi. Kai ke nan da na sake ka nan take. Da na tsaya mutum huɗu sun yi hoto da kai tukuna, da ba ka zo mini da wannan bakin ba."